Matattun Yaƙi Marasa Suna, Daga Ƙofar Bebeji Zuwa Maƙabartun Boma

Yankin kudancin Kano da ya tashi daga Kwanar Dangora a ƙaramar hukumar Kiru, ya haɗa da Bebeji da Tudun Wada, ya ratsa dajin Falgore har ya dangana da duwatsun Riruwai a ƙaramar hukumar Doguwa, ba shi da irin maƙabartar sojan nan da ake gani a ƙasashen da aka gwabza yaƙe-yaƙen duniya, wato fili kewayayye da aka jera kaburbura a cikinsa sahu-sahu, kowane kabari da allonsa na dutse ko na tagulla mai ɗauke da sunan mamaci da lambarsa da rundunarsa da ranar da ya faɗi. Rashin irin wannan maƙabarta yana iya sa baƙo ya zaci yaƙi bai taɓa cin mutanen yankin ba, alhali kuwa ya ci su a gida, ya kuma bi su waje ya ci. Akwai waɗanda suka faɗi suna kare ganuwar garinsu a lokacin da rundunar Turawa ta doshi Kano a 1903, akwai kuma na bayansu da aka ɗiba daga lardin Kano, wanda wannan yanki yake cikinsa, aka sa su aikin soja ko dako a Kamaru da Gabashin Afirka da ƙasar Boma, wadda a yau ake kira Myanmar, inda wasunsu suka kwanta dama ba a dawo gida da ko hularsu ba. Abin da ya haɗa na gida da na waje shi ne yawancinsu ba a rubuta sunayensu a inda ya kamata a rubuta ba, kuma wannan rashi yana da sanadi, yana da masu alhakinsa, sannan wani sashe nasa yana gyaruwa har yanzu.

A ma'anar da hukumomin soja suke amfani da ita, sojan da ba a sani ba shi ne wanda aka samu gawarsa, ko wani sashe nata, a fagen fama aka binne, amma aka kasa tantance ko wane ne. Takwaransa kuwa shi ne ɓataccen soja, wanda sunansa yana cikin rajista amma ba a ga gawarsa ba. Sau da yawa su biyun mutum ɗaya ne, gawarsa tana wani kabari, sunansa yana wata takarda, an rasa mai haɗa su. Matsalar ta yi ƙamari a Yaƙin Duniya na Ɗaya, daga 1914 zuwa 1918, lokacin da harsasan igwa suka riƙa daddatsa jikin mutane a ramukan daga na Faransa da Beljiyam, suna kuma tono waɗanda aka riga aka rufe. A 1917 aka kafa hukumar da a yau ake kira Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙasashen Renon Ingila, bisa ƙoƙarin wani Bature mai suna Fabian Ware, kuma ta ɗauki alkawarin cewa kowane mamaci za a tuna da shi da sunansa, a kan kabarinsa idan an san inda yake, ko a jikin bangon tunawa idan ba a sani ba, ba tare da an fifita hafsa a kan kurtu ko an duba addini da launin fata ba. Mutanen da take kula da sunayensu a yau sun kai kimanin miliyan 1.7 daga yaƙe-yaƙen duniya biyu. A ranar 11 ga Nuwamba, 1920, Ingila ta binne gawar wani soja da ba a san shi ba a majami'ar Westminster da ke Landan, Faransa ma ta karrama nata a Paris a wannan rana, daga nan kuma al'adar ta bazu zuwa ƙasashe da dama, har da Najeriya.

Dabarar da aka dogara da ita wajen gane mamaci ita ce 'yar lambar wuya. Daga 1916 sojan Ingila yakan rataya guda biyu, ɗaya koriya mai kusurwa takwas, ɗaya ja mai kewaye, an buga sunansa da lambarsa da addininsa a jikin kowacce, ta yadda idan ya faɗi sai a cire jar a kai wa magatakardan runduna, a bar koriyar a jikin gawa. Amma da yake an yi su ne da wani irin matsattsen kwali maimakon ƙarfe, damshin ƙasa yakan cinye su, saboda haka masu tono gawawwaki don tattara su a manyan maƙabartu bayan yaƙi sukan tarar da ƙashi da maɓallan riga kawai. A irin wannan hali an yi niyyar adana suna, ƙasa ce ta ci shaidar. Lamarin matattun kudancin Kano ya sha bamban, domin a mafi yawan lokuta ba a ma yi niyyar ba tun farko.

A ranar 29 ga Janairu, 1903, Kanar Morland ya fito daga Zariya bisa umarnin Gwamna Lugga, yana jan sojoji 'yan Afirka fiye da 700 da hafsoshinsu Turawa, da igwa huɗu da manyan bindigogi ƙirar Maxim huɗu, ya kama tsohuwar hanyar fatake da ta nufi Kano. Bebeji, gari mai ganuwa da kasuwa wanda wani matafiyi Bature mai suna Clapperton ya ratsa tun a 1826, shi ne wuri na farko a ƙasar Kano da ya tare musu hanya, a ranar 1 ga Fabrairu. Kyaftin Abadie, Razdan na Zariya wanda Hausawa suka laƙaba wa Mai Jimina, ya matsa kusa da ganuwa ya nemi a buɗe ƙofa, mutanen gari suka ƙi, sai aka saita igwa aka harba, harsashin ya farfasa ƙofar, ya kashe Sarkin Bebeji da wasu manyan gari da ke tsaye a bayanta, sojoji suka kutsa ciki. Kwana biyu bayan haka, a ranar 3 ga Fabrairu, birnin Kano ya faɗa hannun Turawa, a lokacin da Sarki Aliyu Babba yake Sakkwato tare da yawancin mayaƙansa, kuma kafin watan ya ƙare Wazirin Kano Ahmadu ya yi shahada a Kwatarkwashi. Littattafan tarihi sukan ratsa Bebeji da layi ɗaya ko biyu su wuce Kano da sauri, amma a nan aka fara zubar da jinin Kanawa a wannan yaƙi, kuma mutanen da suka tsaya bayan wannan ƙofa sun san sarai cewa kibiya da mashi da bindigar toka ba za su yi wa igwa komai ba, duk da haka ba su buɗe ba. Rahotannin Turawa sun adana sunayen hafsoshin da suka jagoranci harin da muƙamansu, matattun garin kuwa sarautunsu da ƙiyasin yawansu kawai aka ambata.

Rashin sunan bai tsaya ga ɓangare ɗaya ba. Rundunar da Morland ya ja, wadda Lugga ya kafa a 1897 don tsaron iyakokin Afirka ta Yamma, mafi yawan sojojinta Hausawa ne da Yarabawa, kuma da Hausa ake ba su umarni, ta yadda a ƙofar Bebeji masu harbi da waɗanda ake harbi harshe ɗaya suke ji. Idan ɗaya daga cikin waɗannan sojoji ya mutu a hanya, shi ma adadi yake zama a rahoto. Misalin da ya fi fito da wannan fili shi ne Burmi, a ƙasar Gombe ta yau, inda a ranar 27 ga Yuli, 1903, Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya yi shahada tare da mutanensa fiye da 600. Kabarin Sarkin Musulmi sananne ne, haka ma na Manjo Marsh da ya jagoranci Turawa ya mutu a wannan rana, amma ɗaruruwan da suka faɗi kewaye da su, a ɓangarorin biyu, ƙasa ta rufe su ba suna. Kafin zuwan Turawa ma kudancin Kano bakin daga ne, domin tun daga tsakiyar ƙarni na 19 Ningawa suke kawo masa hari, har Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, wanda ya hau gadon sarauta a 1855, ya shafe shekaru yana fafatawa da su. Ganuwoyin garuruwan yankin shaida ne na wancan zamani.

Shekara goma sha ɗaya bayan faɗuwar Kano, rundunar da ta ci ƙasar ta koma tana ɗibar 'ya'yan ƙasar tana kai su yaƙi da Jamusawa. Sun yi faɗa a Garwa da Mora a ƙasar Kamaru daga 1914 zuwa 1916, sannan aka tura birged ɗin Najeriya Gabashin Afirka, inda ya yi asarar mutane da yawa a gumurzun Mahiwa a watan Oktoba na 1917. Bayan masu ɗauke da bindiga akwai dubban 'yan dako, wato farar hular da aka tara ta hannun sarakuna da hakimai don ɗaukar harsasai da abinci a ka, waɗanda cuta da yunwa da gajiya suka fi harsashi kashe su. Sojojin bataliyoyin Najeriya sun ɗan samu rabo, domin an rubuta sunayen wasunsu a duwatsun tunawa da aka kafa a garuruwa irin su Zariya da Lokoja, amma kaburburansu da ke warwatse a dazuzzuka an bar su sun shafe, 'yan dako kuwa mafi yawansu ko wannan ba su samu ba.

Hukumar kaburburan da kanta ta amsa laifin a watan Afrilu na 2021, bayan wani kwamiti da ta kafa ya binciki takardunta, sakamakon binciken Farfesa Michèle Barrett da wani shirin talabijin da ɗan majalisar Ingila David Lammy ya gabatar a 2019. Kwamitin ya gano cewa mutane tsakanin 45,000 da 54,000, yawancinsu 'yan Afirka da Indiya da Masar, an tuna da su ta hanyar da ba ta kai ta Turawa daraja ba, sannan aƙalla 116,000, mai yiwuwa ma har 350,000, ba a rubuta sunayensu ko'ina ba. Ministan tsaron Ingila na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. Cikin hujjojin da aka tono akwai ra'ayin da Gwamnan Gwalkwas, wato Ghana ta yau, Guggisberg, ya bayar a 1923, cewa talakan ƙasar ba zai fahimci amfanin dutsen kabari ba, ba kuma zai ga darajarsa ba. Da irin wannan magana aka soke alkawarin daidaito a kan 'yan Afirka, aka kuma rage kashe kuɗi.

Wannan hujja tana buƙatar a tsaya a kanta, domin tana da ɗan kamanni da gaskiya, kuma har yau akwai masu maimaita ta da wata fuska, suna cewa Musulmi ba ruwansa da alamar kabari. Gaskiya ne cewa kabarin Bahaushe ba a yi shi don ya daɗe a bayyane ba. Akan haƙa rami mai faɗi, a sake haƙa ƙarami a tsakiyarsa daidai jikin mamaci, a kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko fasassun tukwane a bisa, a toshe kafofi da ganye da jiƙaƙƙiyar ƙasa, sannan a tara ƙasa ta yi ɗan tudu a yayyafa mata ruwa. Bayan damina kaɗan tudun yakan kwanta, ciyawa ta rufe shi. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda almajiran ƙasar Hausa suke karantawa tun suna ƙanana, ta nuna cewa gini a kan kabari makaruhi ne, ta kuma nuna cewa wanda ya yi shahada a fagen fama ba a yi masa wanka, ba a yi masa salla, da tufafinsa ake binne shi. Amma ƙyamar ƙawata kabari daban take da yarda a shafe mutum. Ya zo a hadisi cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ajiye dutse a kan kabarin Usman ɗan Maz'un don ya riƙa gane shi, kuma shahidan Uhudu, duk da an binne su bibbiyu da uku-uku a kabari ɗaya, malaman tarihin Musulunci sun adana sunayensu da na kabilunsu ɗaya bayan ɗaya. Bahaushe yana adana mamacinsa ta hanyar suna: yakan mayar da sunan a kan jariri, yakan ambace shi a addu'a, yakan yi masa sadaka, maroƙa kuma su riƙe shi a kirarin gidan. Mutumin da aka hana wa iyalinsa labarin mutuwarsa an hana shi duk waɗannan a lokacin da suka kamata.

Akwai kuma hukuncin shari'a da ya rataya a kan sanin mutuwa, wanda ya sa maganar ta wuce ta karramawa kawai. Mafƙudi, wato mutumin da ya ɓace ba a san yana raye ko ya mutu ba, yana da babi na kansa a fiƙihun Malikiyya. Hukuncin asali da Risala ta kawo shi ne matarsa ta kai ƙara gaban alƙali, a yi bincike, a yanka mata shekara huɗu, sannan ta yi takaba ta wata huɗu da kwana goma kafin ta iya yin wani aure, dukiyarsa kuwa ba a raba ta gado sai an kai shekarun da ake ganin irinsa ba ya wuce su a raye. Ke nan duk sojan da ya faɗi ba a aiko da labari ba ya bar mace a rataye, ba ta gidan miji ba ta gidan uba, ya bar gona da ba a san mai ita ba, ya bar 'ya'yan da ba a san ko marayu ba ne. Wanda ya ce irin waɗannan mutane ba su damu da sanin inda nasu ya kwanta ba, bai tambaye su ba ne.

A Yaƙin Duniya na Biyu, wanda tsofaffi suka fi sani da yaƙin Hitila, ɗibar ta fi yawa, kuma ta bi ta hannun Sarkin Kano Abdullahi Bayero da hakimansa da dagatai, yayin da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fitowa a 1939 ƙarƙashin Abubakar Imam, take kai labarin yaƙin ƙauyuka. Sojojin Najeriya sun fara da Gabashin Afirka, inda suka shiga Mogadishu a watan Fabrairu na 1941, sannan a 1943 aka kafa runduna ta 81 da ta 82 na Afirka ta Yamma aka tura su Indiya, daga can kuma Boma don yaƙar Japanawa. An ƙiyasta cewa 'yan Afirka ta Yamma kimanin 90,000 ne suka je wannan fage, fiye da rabinsu 'yan Najeriya. Runduna ta 81 ta yi faɗa a kwarin kogin Kaladan, cikin surƙuƙin daji da tsaunuka inda ba hanyar mota, ana jefo mata abinci daga jirgin sama, 'yan dako marasa makami suna ɗauke da kaya a ka. Wasu bataliyoyi uku na Najeriya kuma sun shiga rundunar Chindit da aka sauke a bayan layin Japanawa a 1944. A watan Janairu na 1945 rundunonin biyu suka haɗu suka karɓe Myohaung. A irin wannan yaƙi wanda ya faɗi abokansa ne suke haƙa masa rami a gefen turba cikin gaggawa, su kafa sanda, su wuce, ruwan damina kuma ya zo ya share wurin.

Babbar maƙabartar da aka tattara matattun wannan fage ita ce ta Taukkyan, a arewa da birnin Yangon, wadda aka fara a 1951 aka kwaso mata gawawwaki daga maƙabartun bakin daga na Akyab da Mandalay da Meiktila da Sahmaw. Tana da kaburbura 6,374 na Yaƙin Duniya na Biyu, 867 daga cikinsu ba a san masu su ba. Kowane kabari yana da ɗan gajeren dakali da aka manna wa allon tagulla, tsakanin kabari da kabari an dasa fure. Na 'yan Afirka ta Yamma ana gane su da tambarin itacen kwakwa na rundunarsu, a ƙarƙashinsa lamba da muƙami da suna da rana, na waɗanda ba a sani ba kuwa rubutun yana nuna cewa sojan wannan yaƙi ne wanda Allah kaɗai ya san shi. A tsakiyar filin akwai dogayen ginshiƙai da aka zana sunayen mutane kusan 27,000 da ba su da sanannen kabari, kuma a cikinsu akwai jerin sunayen sojojin Najeriya. Wasu 'yan Afirka ta Yamma suna kwance a maƙabartun Chittagong da Maynamati a Bangladash. A wannan karo, dole a faɗa, hukumar ta rubuta sunayen 'yan Afirka fiye da yadda ta yi a yaƙi na ɗaya.

Sai dai sunan da aka rubuta ba kullum yake kai mutum gida ba. Magatakardan ɗaukar soja sun saba rubuta sunan yanka su haɗa da sunan babban gari maimakon sunan uba, shi ya sa rajistar take cike da irin su Audu Kano da Garba Zariya da Musa Bauci. Saurayin da ya fito daga wani ƙauye a ƙasar Kiru ko Tudun Wada da Kano za a rubuta shi, domin ita ce lardinsa, wanda kuma ya gudo daga gida ko yake tsoron a bi sawunsa yakan ba da sunan da ba nasa ba. Sakamakon haka shi ne mutum yana da allon tagulla a Boma, ana share masa ciyawa shekara da shekaru, amma a ƙauyensu labarin da ya rage shi ne wane ya tafi soja bai dawo ba. Wannan rukuni, na waɗanda hukuma ta sani amma danginsu ba su san inda suke ba, shi ne mafi sauƙin gyarawa, kuma shi ne aka fi yin sakaci da shi.

Maƙwabta da Faransa ta mulka, ciki har da Nijar, suna da irin wannan ciwo. A sansanin Thiaroye kusa da Dakar, a ranar 1 ga Disamba, 1944, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan sojojin Afirka ta Yamma da suka dawo daga zaman fursuna a Turai suna neman haƙƙinsu. Hukuma ta fara cewa mutum 35 ne suka mutu, masana tarihi suna ganin sun ninka haka sau da yawa, kuma maƙabartar wurin tana da kaburbura 202 marasa suna. Sai a 2024, shekara 80 bayan abin, shugaban Faransa ya amsa cewa kisan kiyashi ne.

Najeriya mai 'yanci ta gaji al'adar tunawa, ta kuma gaji giɓinta. An mayar da ranar tunawa da mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu, ranar da yaƙin basasa ya ƙare a 1970, kuma duk shekara shugaban ƙasa yakan ajiye furanni a wurin tunawa da sojan da ba a sani ba a Abuja, a saki fararen tattabaru, gwamnoni su yi haka a jihohinsu. Barikoki da dama suna ɗauke da sunayen wuraren da aka yi faɗa: Dalet da Kalapanzin a Kaduna, Letmauk a Ibadan, Myohaung da Arakan a Legas, Mogadishu a Abuja, ga kuma Chindit a Zariya. An adana sunayen wurare, sunayen mutanen da suka mutu a can kuwa ba a karanta su a ko'ina. Yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 ya ɗebi samari masu yawa daga ƙauyukan Arewa cikin gaggawa, da yawansu an binne su inda suka faɗi, kuma babu wani bango a Kano da ɗa ko jika zai je ya sa yatsa a kan sunan nasa. Bikin 15 ga Janairu yana da kyau, amma sojan da ba a sani ba an ƙirƙiro shi ne don ya wakilci waɗanda aka nema aka rasa. Idan ya zama madadin neman, to ya zama hanyar rufe magana.

Dalilin da ya sa batun ya shafi Falgore kai tsaye a yau shi ne abin da dajin ya zama. An keɓe shi a matsayin gandun daji na Kogin Kano a shekarun 1940, aka mayar da shi gandun namun daji a shekarun 1960, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 900, hanyar Kano zuwa Jos kuma ta tsakiyarsa ta ratsa. Bayan ɓarayin shanu da masu garkuwa da mutane sun mayar da shi maɓoya, rundunar sojan ƙasa ƙarƙashin Laftanar Janar Tukur Buratai ta ɗauke shi a 2017 a matsayin filin atisaye da horo. Samarin da suke koyon harbi a wannan daji su ne ake tura wa Borno da Yobe da Zamfara, kuma maƙabartar barikin Maimalari a Maiduguri tana karɓar waɗanda suka faɗi. A kansu babu sauran uzurin da aka yi a 1903 ko 1917. Yarjejeniyar Janiba ta farko ta 1949, wadda Najeriya ta amince da ita, ta tanadi a binciki gawa kafin a binne don a tantance mai ita, a bar lambar wuya ko rabinta a jiki, a binne mamaci cikin mutunci bisa addininsa gwargwadon iko, a kuma yi wa kabari alamar da za a iya gano shi ko yaushe; ƙasar da ta yarda ta yi wa abokin gaba haka, nata sojan ya fi cancanta. Gwajin ƙwayoyin halitta, wanda ake kwatanta samfurin ƙashi ko haƙori da na dangi, ya sauya lamarin baki ɗaya: a 1998 Amurka ta gano cewa sojan da ba a sani ba na yaƙin Biyetnam da ta binne a Arlington matuƙin jirgi ne mai suna Michael Blassie, aka mayar da shi ga danginsa, sannan daga gawawwaki 250 na yaƙin 1916 da aka tono a Fromelles ta Faransa a 2009 an gano sunayen fiye da rabi. Ɗaukar samfurin kowane kurtu tun ranar da ya shiga soja, da sanar da iyali cikin gaggawa ta bakin hukuma maimakon su tsinci labari a Facebook, haƙƙi ne da ya wajaba.

Game da na baya kuwa, aikin na gida ne kafin ya zama na Landan. Rajistar hukumar kaburburan tana kan intanet kyauta, ana iya bincikenta da suna ko lamba ko runduna, kuma tun 2021 hukumar take neman sunayen da aka tsallake. Takardun lardin Kano suna ajiye a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, Gidan Arewa yana nan, Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano tana Gidan Ɗan Hausa, Jami'ar Bayero tana da sashen tarihi da ɗalibai masu neman abin da za su yi bincike a kai. Abin da babu a waɗannan wurare shi ne abin da yake bakin tsofaffi: sunan uba, sunan unguwa, shekarar da aka tafi, wanda aka tafi tare da shi, da wanda ya dawo ya ba da labari. Lambar soja ɗaya da aka samu a jikin tsohuwar takardar sallama, ko a cikin wasiƙar da aka aiko daga bakin daga, tana iya haɗa Audu Kano na jikin ginshiƙin Taukkyan da wani gida a Kiru. Haka nan zuriyar waɗanda suka tsaya a ƙofar Bebeji suna nan a garin, kuma allo ɗaya mai ɗauke da sunayen da aka iya tattarowa, a makaranta ko a ƙofar fada, bai saɓa wa addini ba, bai kuma fi ƙarfin ƙaramar hukuma ba.

Ya kamata hakiman Bebeji da Kiru da Tudun Wada da Doguwa su umarci dagatai da masu unguwanni su bi gida-gida su rubuta duk wanda ya tafi soja ko dako bai dawo ba, tun daga yaƙin Jamus har zuwa na Boko Haram, tare da haɗin gwiwar ƙungiyar tsofaffin sojoji ta ƙasa da malaman makarantu, a ajiye kwafi a fada, a aika wani jami'a. Yaƙin Boma ya ƙare a watan Agusta na 1945, ke nan yaron da aka bari a goye ranar da mahaifinsa ya tafi ya haura shekara 80 a yanzu, kuma da irinsa ya kamata a fara. Mai karatun da yake da tsohuwar takarda ko lambar yabo ko hoton soja a adakar gidansu, ya fito da su, ya zauna da dattijon gidan ya rubuta abin da ya sani, ya kai wa dagacinsa tun ana iya tambaya.